Jinginar da kason gado tun ba a raba ba

Abin nan ya yi yawa yanzu. Bashi ya taso wa mutum ko yana neman jari, sai ya je wajen mai kuɗi ya ce ba ni miliyan 6, ga kasona na gidan babanmu ka riƙe, a rubuta takarda a sa hannu shikenan. Wallahi abin yana damuna, don ƴan uwan ma sau da yawa ba su da labari sai ranar da mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar gida da takarda a hannu.

In mahaifin yana raye to babu ma abin jinginarwa. Gado sai an mutu, kuma wa ya san wanda zai riga wani? Dattijon zai iya sayar da gidansa ko ya kyautar gobe, ba mai hana shi.

In kuwa ya rasu, to magaji yana da haƙƙi, amma fa ba gidan ne nasa ba, kaso ne cikin abin da ya rage. A shari'a da hidimar jana'iza ake farawa, sai bashin mamaci, sai wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan a zo kan magada, kamar yadda aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i suka sa rabo bayan wasiyya da bashi. Mu ƙaddara gidan miliyan 20 ne, ana bin marigayi miliyan 4, ya bar mata ɗaya da ƴaƴa maza 2 mata 3. Saura miliyan 16. Matar ta ɗauki tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 2, sai a raba 14 gida 7, kowane namiji 4 kowace mace 2. Ka ga wanda ya ba da miliyan 6 abin miliyan 4 kawai ya riƙe, ragowar 2 ɗin sai dai ya bi wanda ya ci kuɗinsa, ba ruwan ƙannensa mata balle tsohuwa. In wani bashin marigayin ya sake ɓullowa daga baya ko aka gano akwai wani ɗa a wani gari, kason ya ƙara raguwa.

A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a suke bi a arewacin Najeriya, ya halatta a jinginar da kason da ba a ware ba, Hanafiyya ne suka hana. Amma akwai sharaɗin da mutane ke mantawa, jingina ba ta cika sai an karɓi abin a hannu, aya ta 283 a Bakara ta ce jingina karɓaɓɓiya. In wanda ya ci bashin ya mutu ko ya karye kafin a karɓa, mai takardar nan ya koma sahun sauran masu bin bashi, ba shi da wani fifiko a kansu.

Sai maganar da ake yawan rubutawa, wai "in ban biya ba zuwa wata kaza kason ya zama naka". Wannan sharaɗin ɓatacce ne. Alƙali ne zai sa a sayar da kason, a biya mai bashi kuɗinsa, in da saura a mayar wa mai shi. Kuma in aka zo sayarwa ƴan uwansa suna da haƙƙin shufa'a, wato su biya farashin da aka saya su karɓe, don kada bare ya shigo musu tsakar gida. Wannan haƙƙin iyalai da yawa ba su san suna da shi ba, shi ya fi ba ni takaici.

Ga kuma dokar ƙasa. Dokar amfani da filaye ta 1978 a sashe na 22 ta ce mai takardar mallaka ta gwamna ba zai jinginar ba sai da amincewar gwamna, na ƙauye kuma sashe na 21 ya ce sai da yardar ƙaramar hukuma. Takardar gidan ma har yanzu sunan marigayi ke kanta.

Ni shawarata ga duk wanda ya matsu, ya tara ƴan uwa ya faɗa musu, a je kotun shari'a a raba gadon a ba kowa takardar rabonsa, in ya so ya jinginar da nasa a gaban shaidu.