Kubwa: Jama'arta da Kasuwar Gidajenta

Kubwa gari ne a ƙaramar hukumar Bwari da ke Babban Birnin Tarayya, Abuja. Yana arewa maso yammacin tsakiyar birni, a bakin babbar hanyar da ta nufi Zuba. Asalinsa ƙauyen Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa. Bayan dokar 1976 da ta kafa sabon babban birni, an ware Kubwa don sake tsugunar da mutanen ƙauyukan da ginin Abuja ya tasa. Da gwamnati ta baro Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, sai ma'aikata suka yi ta kwarara, kuma da yawansu albashinsu bai kai hayar Garki ko Wuse ba, balle Maitama. Su ne suka cika garin.

A yau Gbagyi sun zama 'yan tsiraru a ƙasar kakanninsu. Akwai Hausawa da Fulani, da Ibo, da Yarbawa, da ƙabilun tsakiyar Najeriya, masallaci da coci sau da yawa a layi ɗaya. Galibin mazauna ƙananan ma'aikata ne da matsakaita, sai 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Abuja yana nan, kuma wasu matasan da ya kawo ba sa komawa gida. Tun da asuba hanya ke cika da masu shiga birni aiki, da magariba su dawo.

Gidajen kala-kala ne. Akwai rukunin gidajen Hukumar Gidaje ta Tarayya da unguwannin da aka yanka bisa tsari, akwai kuma Byazhin da Gbazango, inda gini ya riga titi da magudanar ruwa isowa. Abin da aka fi nema shi ne ɗaki ɗaya mai banɗaki da kicin, sai ciki da falo, sai gida mai ɗaki biyu ko uku. Hayar shekara ake biya dunƙule, ga la'adar dillali a kai, abin da ke karya bayan mai jiran albashin wata.

Wajen sayen fili kuwa, takarda ta fi ginin daraja. Ƙasar Abuja duka ta Gwamnatin Tarayya ce, Ministan Birnin Tarayya ne ke ba da takardar shaidar mallaka. Amma mutane da yawa daga hannun masu unguwa ko 'yan asalin wuri suka sayi nasu, da yarjejeniyar da hukuma ba ta san da ita ba. Rusau ɗin zamanin minista Nasir El-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, ya taɓa Kubwa, kuma har yanzu mai saye mai hankali sai ya binciki fuloti a ofishin AGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Abuja, kafin ya miƙa ko sisi. Fili biyu maƙwabtan juna na iya shan bamban ƙwarai a farashi saboda wannan kaɗai. Abin takaici, talaka ne ya fi faɗawa wannan tarko, don mai araha yake iya saya.

Faɗaɗa babbar hanya da buɗe tashar Kubwa ta jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a 2016 sun ƙara wa garin farin jini, kuma kasuwar kayan gini ta Dei-Dei tana kusa. Haya na ta hawa, har wasu tsofaffin mazauna sun fara matsawa Dutse Alhaji da Bwari, wasu ma har Suleja a Jihar Neja.