Manoman garka, ku daina tula taki a gindin shuka

Ƴan uwana masu noman rani, daga Galmi zuwa Ƙonni har Tabalak, duk garkar da aka kira ni kwanan nan kukan ɗaya ne: wai ciwo ya faɗa wa tumatir, wai albasa ta ƙi tashi. In na duƙa na tona gindin da yatsa, sai in tarar da takin yuriya fari fat manne da kara, ko narkewa bai gama ba. Ƙasa a jiƙe, ganye kuwa ya langaɓe, bakinsa a ƙone. Wannan ba ciwo ba ne, ba kuma sammu ba ne. Aikin hannunku ne.

Ku yanka tumatir ku barbaɗa masa gishiri, jim kaɗan za ku ga ruwa na tsattsafowa. Haka takin zamani ke yi wa saiwa in ya taru wuri guda. Maimakon saiwa ta sha daga ƙasa, sai ƙasar ta koma tana zuƙe ruwan jikinta, shuka ta mutu da ƙishirwa alhali an ba ta ruwa da safe.

Na san ba mugunta ba ce. Mutum ya ci bashi ya sayi buhu da tsada, yana ɗokin ganin ganye ya yi shar. Amma Alhaji, don Allah, wa ya ce maka dashen da bai kama ƙasa ba yana iya ɗaukar cikin hannu guda? Ko hatsi, masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai giram 6 na takin zamani samfurin 15-15-15 suka ƙayyade wa kowane rami, cikin marfin kwalbar lemo ke nan. Kai kuwa ka damƙo ka zuba, da tsakar rana, a busasshiyar ƙasa. Shuka ta yi yaushi, ka ce yunwa ce, ka ƙara mata. Haba!

Ku jiƙa fangali tukuna. Taki nesa da kara, kamar faɗin tafin hannu, a rufe da ƙasa, a bi da ruwa nan take. A raba shi kashi biyu ko uku, da sassafe ko da la'asar. Ɗanyen kashin kaji ma haka yake ƙonawa, a bari ya ruɓe.

Wanda ya riga ya yi ɓarnar, ya kwashe abin da ya gani a gindin, ya sake wa fangalin ruwa sosai ya wanke sauran. Kada ya je sayen maganin feshi, babu ƙwaron da zai kashe.