Feftayid da tsukewar jijiyoyin jinin huhu a jikin dabbobi

Feftayid gajeriyar sarƙa ce ta amino asid, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, wadda jiki ke ƙerawa domin isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin halitta, kuma wasu daga cikinsu ne ke sa jijiyoyin jinin huhu su tsuke ko su saki. Huhu gaɓa ce mai taushi kamar soso, kamar yadda duk wanda ya taɓa riƙe huhun rago a mahautar Sakkwato ya sani, jini kuwa yana ratsa shi ba da matsi mai yawa ba, don haka tsukewa kaɗan ta isa ta ɗora wa ɓangaren dama na zuciya, wanda ke tura jini zuwa huhu, nauyi.

Ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi wajen tsuke jijiya shi ne endotelin-1, mai amino asid 21, wanda Masashi Yanagisawa da abokan aikinsa suka gano a Japan a shekarar 1988 daga ƙwayoyin shimfiɗar cikin jijiyar alade. Abin lura a nan shi ne aikinsa ya danganta da inda ya sauka. Idan ya kama makarɓa, wato wurin da saƙo ke sauka a jikin ƙwayar halitta, mai suna ETA da ke tsokar bangon jijiya, sai jijiyar ta matse ta daɗe a matse. Idan kuwa ya kama makarɓar ETB da ke shimfiɗar ciki, sai a saki wata iska mai suna nitirik oksaid, jijiyar ta buɗe. Masu bincike kan gane wannan ta hanyar yanka jijiya zobe-zobe su rataye ta cikin ruwan gishiri mai ɗumi, su auna jan da take yi, sannan su kankare shimfiɗar su sake aunawa, kuma sau da yawa amsar kan canja.

Huhu shi ma yana sarrafa feftayid. A bangon jijiyoyinsa akwai sinadarin ACE da ke mayar da anjiyotensin I, mai amino asid 10, zuwa anjiyotensin II, mai 8, wanda ke tsuke jijiya, kuma ACE ɗin ne ke karya biradikinin, feftayid mai buɗe ta. Sauran feftayid masu buɗe jijiya sun haɗa da VIP, wanda Sami Said da Viktor Mutt suka fitar daga hanjin alade a 1970, da CGRP, da ANP da zuciya ke fitarwa.

Dabbobi ba su zama ɗaya ba wajen jure ƙarancin oksijin, wanda shi ma ke tsuke waɗannan jijiyoyi. Shanu kan kamu da kumburin ƙirji a tsaunukan Amurka saboda ƙarancin oksijin a can, alhali tumaki sun fi su juriya. A ƙasa mara tudu kamar Sakkwato, kajin gidan gona masu saurin girma ne abin ya fi shafa: matsi kan hau a huhunsu, zuciya ta gaji, ruwa ya taru a ciki, sanyi irin na daren hunturu kuma yana ƙara tsananta matsalar domin yana ƙara wa jiki buƙatar oksijin.