Robar da ke hancin ɗanki ba alamar ajali ba ce

Wani dare cikin hunturun bara aka kawo mana yaro ɗan wata bakwai, ƙirjinsa na faɗawa ciki duk sa'ad da ya ja numfashi, kafofin hancinsa na buɗewa suna rufewa. Na maƙala masa 'yar na'urar nan mai jan haske, mai auna yawan oksijin da ke cikin jini, a babban yatsan ƙafa, ta nuna 84. Lafiyayyen yaro yakan nuna 95 zuwa sama, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce duk yaron da ya faɗo ƙasa da 90 a ba shi iskar oksijin. Muka sa masa robar hanci, muka manne ta da filasta a kumatu, kafin wani lokaci lambar ta hau 94. Na wuce gado na gaba. Da na zagayo bayan kamar rabin awa, sai na tarar da robar a goshinsa tana ta huci a banza, leɓɓansa har sun fara sauya launi.

Kakarsa ce ta ɗage ta. Na ce, "Inna, me ya yi zafi?" Ta ce, "'Yar nan, duk wanda na sani da aka sa wa abin nan bai tashi ba. Malam ma da ita a hanci ya cika."

Ban ga laifinta ba, domin abin da idonta ya gani ta faɗa. Sai dai abin da ba ta gani ba shi ne yawancin waɗanda take tunawa an kawo su asibiti ne bayan ciwo ya ci ƙarfinsu. Robar ta iske su a bakin gaɓa, ba ita ta kai su can ba. Oksijin ba baƙon abu ba ne ga jiki. Iskar da ni da ke muke shaƙa yanzu haka, kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne. Huhun da namoniya ta cika da ruwa da majina ba ya iya tsamo abin da zai wadaci jini daga wannan ɗan kaso, shi ya sa ake ƙara masa. Kuma maganar ba ƙarama ba ce a wajenmu: ƙididdigar UNICEF ta nuna cewa a shekarar 2018 yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 namoniya ta kashe a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya.

Abin da nake so masu jinya su gane shi ne, tukunyar oksijin ko injin da ke gefen gado rabin aiki ne kawai. Sauran rabin yana ga 'yar robar da ta taɓa fuskar mara lafiya. In ta zauna daidai, iska ta isa huhu. In ta goce, an yi asarar iskar da kuɗinta, an kuma bar mara lafiya yana kokawa da numfashi alhali kowa na zaton ana yi masa magani. Mu ma'aikata ba ma iya tsayawa kan gado ɗaya dare farai. Uwa ko kaka ko miji da ke zaune a gefe su ne masu gadin wannan roba.

Robar hanci ita muka fi amfani da ita ga yara. Ku dube ta da kyau, za ku ga 'yan ƙahonni biyu masu ɗan lanƙwasa. Ba ado ba ne. Hanyar iska a cikin hanci ba sama take miƙewa ba, baya take nufa ta gangara maƙogwaro, don haka lanƙwasar ƙasa ya kamata ta kalla. In aka juya ta, iskar sai ta riƙa dukan saman hanci tana busar da shi, yaro ya yi ta fizge-fizge. Ga babba, igiyoyin kan bi ta bayan kunnuwa su haɗu a ƙarƙashin haɓa. Ga jariri kuwa manne su ake yi a kumatu. Alherin wannan roba shi ne baki a sake yake: jariri zai sha nono, babba zai ci abinci, ya yi magana, ya yi salatinsa, iska na shiga. Kada uwa ta cire ta don za ta ba da nono, lokacin tsotso ma yaro ya fi buƙatarta.

Akwai ɗan ƙwallo a cikin gilashin da ke jikin tukunya, shi ke nuna lita nawa ke fita a minti ɗaya. Jariri sabon haihuwa rabin lita zuwa ɗaya ake ba shi, ɗan ƙasa da shekara guda lita ɗaya zuwa biyu, babba kuma ba a cika wuce biyar ko shida ta hanci ba. Na sha kama mai jinya yana murɗa makunnin don ƙwallon ya hau, wai don a samu sauƙi da wuri. Don Allah a daina. Iskar da ta yi ƙarfi tana busar da hanci har ya yi jini, musamman da hunturu, ga tukunya ta ƙare kafin asuba.

Babban maƙiyin robar nan majina ce. Ramin ƙahon ɗan mitsitsi ne, majina kaɗan in ta bushe ta toshe shi. Sai ka ga roba na nan a hanci, ƙwallo na sama, amma babu abin da ke shiga. In kin ga hancin yaro ya cika, ki kira mu mu ɗiga ruwan gishirin asibiti mu share. A riƙa leƙa bayan kunne kuma, wurin da igiyar ke gogawa, don yakan yi gyambo ba a sani ba. 'Yar auduga a ƙarƙashin igiyar ta wadatar.

Idan robar hanci ta gaza, sai a koma ga takunkumi mai rufe hanci da baki. Shi kuma da ƙananan huji a gefensa, ta nan gurɓatacciyar iskar da mutum ya fitar take ficewa. Kar a toshe su da filasta ko mayafi da sunan hana oksijin tserewa. Saboda wannan dalilin ne ma ba a ba da ƙasa da lita biyar ta wannan takunkumi, in ba haka ba mara lafiya zai riƙa maimaita shaƙar abin da ya fitar. Ɗan ƙarfen da ke samansa a matse shi a karan hanci, ya bi siffar fuskar mai shi, don kada iska ta riƙa tsiyaya cikin ido. Akwai mai jakar leda a ƙasa, na masu tsananin ciwo, wanda ake buɗe wa lita 10 zuwa 15. Ledar a kumbure ya kamata ta kasance. In kun ga ta lafe, ku yi kira nan take, wataƙila tukunya ce ta ƙare ko tiyo ya cire.

Wani nau'in takunkumin kuma yana da 'yan bututu kala-kala, shuɗi na ba da oksijin kashi 24 cikin ɗari, fari 28, rawaya 35, ja 40, kore 60. Wani likita ɗan Ingila, Moran Campbell, ya fito da shi a 1960 saboda masu daɗaɗɗen ciwon huhu, irin wanda taba ko shekaru na hayaƙin itace ke jawowa. Su waɗannan, oksijin in ya yi yawa yakan tara musu gurɓatacciyar iska a jini har su shiga magagi, shi ya sa likita ke riƙe lambarsu tsakanin 88 da 92 da gangan.

Inda zuciyata ta fi karkata shi ne ɗakin bakwaini. Huhunsu bai gama nuna ba, yakan lafe bayan kowane numfashi, don haka ake haɗa su da wata na'ura mai tura iska da ɗan matsi don huhun ya zauna a buɗe. Za ku ga ƙarshen tiyon a nutse cikin kwalbar ruwa yana ta ɓulɓuli. Zurfin tiyon a ruwa shi ne ma'aunin matsin, ɓulɓulin kuma shaida ce cewa iskar ba ta zurarewa. In ya tsaya, ko roba ta goce ko bakin jariri ya buɗe. Tun 1971 likita George Gregory ya nuna amfanin wannan dabara ga jarirai a San Faransisko, daga baya Jami'ar Rice ta Amurka da asibitin Queen Elizabeth na Balantaya a Malawi suka ƙera mai araha da suka kira Pumani. A nan girman roba shi ne komai. In ta yi ƙanƙanta iska ta tsere, in ta yi girma ta danne fatar. Ɗan naman da ya raba kafofin hancin bakwaini ya fi fatar albasa laushi, kwana ɗaya ko biyu na matsi ya isa ya yi baƙi ya mutu, yaro ya tashi da tabo har girmansa. Dole a bar ɗan sarari tsakanin gindin robar da wannan nama, in kuma uwa ta ga wurin ya yi fari ko ja ta faɗa. Su ma ba a cika musu oksijin, domin yawansa na lalata jijiyoyin idon bakwaini har ya makance.

Na taɓa aiki a wani asibiti inda muka yi makonni babu robar jarirai ko ɗaya a sito, sai ta manya. Ranar da na ga an tura ƙahon babba a hancin jariri mai kilo ɗaya da rabi, ban yi barci ba. Masu sayo kayan asibiti, ina roƙonku, kuna lissafin tukwane da injuna, ku riƙa lissafa robobi girma-girma. Kuma kowane mara lafiya da tasa, ba a cire ta daga wannan hanci a mayar wancan.

Sai maganar wuta, wadda mu Hausawa ya kamata mu ji da kunnen basira saboda al'adunmu. Oksijin na rura wuta fiye da yadda ake zato. Kaskon turaren wuta, garwashin jin ɗumi, maganin sauro na kunnawa, kyandir, sigari, duk a nisanta su daga mai oksijin, a asibiti ne ko a gida. Kada a shafa basilin ko man zafi a hancin da ke da roba, ko da ya bushe, domin maiƙo da oksijin ba sa ga maciji.

Ita Inna, a daren nan ban yi mata dogon bayani ba. Na jawo kujera na ce ta zuba wa lambar ido. Na mayar da robar, muka ga ta tashi daga 85 zuwa 90, zuwa 95, numfashin yaron ya fara lafawa. Ta yi shiru can, sannan ta ce, "To 'yar nan, nuna mini yadda ake zaunar da ita." Na kama hannunta na nuna mata lanƙwasar da inda filasta ke kamawa. Washegari da na karɓi aiki, na ji ta tana ce wa matar gado na kusa ta duba hancin ɗanta, robar ta zame gefe guda. Jikan nata kwana huɗu ya yi da ita, ranar na shida aka sallame su.