Lasisi da Ambaton Mai Aiki a Gyararrun Zane-zanen Wasannin Kwamfuta

Gyararren zane, a harkar haɗa wasannin kwamfuta, shi ne zanen da mutum ya ɗauko daga rumbun intanet da aka buɗe wa kowa, ya sauya masa launi, ko ya ɗora masa sulke da takobi, ko ya ƙara masa motsin tafiya, sannan ya saka shi cikin wasansa. Kasancewar an same shi ba da ko sisi ba bai raba shi da mai shi ba. Haƙƙin mallaka yana nan daram. Abin da mai zanen ya bayar izini ne mai sharuɗɗa, lasisin da ya liƙa wa aikin kuma shi ke fayyace su.

Ɗaya daga cikin sanannun rumbunan shi ne OpenGameArt, wanda Bart Kelsey ya kafa a 2009. Shafin ba ya karɓar zanen da aka hana kasuwanci da shi ko aka hana gyara shi. Yawancin lasisinsa na ƙungiyar Creative Commons ne, wadda ta fitar da lasisinta na farko a Disambar 2002. CC0, na 2009, sakin haƙƙi ne baki ɗaya, ko suna ba a tilasta ambata ba. Da shi ne Kenney, mai zanen kayan wasanni na ƙasar Holand, ke raba dubban kayan wasa. CC BY ya ce a yi yadda ake so, amma a ambaci mai aikin. CC BY-SA ya ƙara sharaɗi ɗaya mai nauyi: duk wanda ya gyara, dole ya saki gyaransa a kan irin wannan lasisin ko wanda ya dace da shi.

Inda lamarin ya fi fitowa fili shi ne gasar Liberated Pixel Cup ta 2012, wadda OpenGameArt ya shirya tare da Creative Commons da Free Software Foundation da Mozilla. An tsara salon zane guda ɗaya domin aikin kowa ya zauna da na kowa, aka kuma saki komai a kan lasisi biyu, CC BY-SA 3.0 da GPL 3, wato lasisin manhajojin da aka buɗe wa kowa na Free Software Foundation. Gasar ta ƙare, zanen bai tsaya ba. Shekara da shekaru mutane suna ɗorawa: wannan ya zana jiki, wancan gashi, wata ta yi riga, wani ya zo daga baya ya gyara launin rigar. Ɗan wasa guda, wato mutum-mutumin da ke cikin wasan, da bai wuce fiksel (ɗigon hoto) 64 a tsaye da kwance ba, sai ka tarar da hannun mutane da yawa a jikinsa, kuma kowannensu yana da haƙƙin a faɗi sunansa. Wanda ya zo ƙarshe ba ya shafe na farko. Shi ya sa manhajar haɗa 'yan wasa ta wannan salon take fitar da jerin sunaye da lasisi tare da hoton, kuma wannan jerin bai kamata a raba shi da hoton ba, domin da yawa daga masu zanen sunan nan ne kaɗai ladarsu.

Cikakken ambato yakan ƙunshi abu huɗu: sunan aikin, sunan mai shi, adireshin inda aka samo shi, da lasisinsa, tare da bayyana cewa an yi gyara. Rubuta "daga OpenGameArt" kawai bai wadatar ba, tunda shafin ma'ajiya ce, ba shi ya yi zanen ba. Akan sa bayanin a allon godiya na cikin wasan da kuma fayil ɗin da ke tafiya da shi. Wanda ya saɓa sharaɗi, izininsa ya faɗi nan take. Siga ta 4.0 ta lasisin Creative Commons, ta Nuwamban 2013, ta kawo sassauci: in ya gyara cikin kwana 30 da gano kuskuren, izinin ya dawo. Siga ta 3.0 ba ta da wannan ƙofa.

Haɗa kaya masu lasisi daban-daban shi ne wurin da aka fi tuntuɓe. Idan aka cakuɗa zanen CC BY da na CC BY-SA suka zama abu ɗaya, sakamakon ya bi na biyun. A Oktoban 2015 aka amince a shigar da aikin CC BY-SA 4.0 cikin na GPL 3, amma hanyar zuwa ce babu dawowa. Haka kuma lasisin Creative Commons ya hana a kulle aikin da makullin fasaha mai hana kwafa, abin da ke tayar da hankalin masu sayar da wasa a wasu kantunan intanet; saboda haka OpenGameArt ya fito da OGA-BY, wato CC BY da aka cire wa wannan sharaɗin.

Tambayar da har yanzu ake ja a kai ita ce ko CC BY-SA yana tsallakawa daga zanen ya kama wasan gaba ɗaya. Fahimtar da ta fi yaɗuwa tsakanin masu haɗa wasa ita ce sharaɗin ya tsaya kan zanen da gyare-gyarensa, bai shafi rubutun manhajar ba. Kiɗa yana da hukuncinsa dabam, domin lasisin ya faɗi ƙarara cewa daidaita shi da hoto mai motsi gyara ne.