Zazzaɓin da Ya Ƙi Jin Magani: Tambayoyi Kan Ƙwayar Cuta a Ƙofofin Zuciya

Wace irin cuta ce wannan?

Zuciya tana da ƙofofi huɗu masu buɗewa da rufewa don kada jini ya koma baya. Idan ƙwayoyin bakteriya suka shiga jini, daga ruɓaɓɓen haƙori, ko ƙurji, ko allura marar tsafta, sukan maƙale a jikin ƙofa su yi curi. Sun fi samun wurin zama a ƙofar da ta riga ta lalace, kamar ta wanda ciwon maƙogwaro na yarinta ya taɓa masa zuciya, abin da ya yawaita a ƙasashenmu, ko wanda aka sa wa ƙofar roba ko ta ƙarfe.

Da me ake gane ta?

Zazzaɓi ne kan gaba, kusan tara cikin goma na masu ita suna yinsa. Ga gumin dare har zani ya jiƙe, ga kasala, ga rama. A nan ake yin ɓatan kai: a sha maganin maleriya, a koma na taifot, makonni su shuɗe jiki bai sake ba.

Sai a duba hannun majinyaci da kyau. Ƙarƙashin farce akan ga siraran layuka jajaye ko baƙaƙe kamar sartse. Kan yatsu akan sami 'yan ƙullutai masu zafi idan an taɓa, waɗanda ake kira da sunan likita William Osler, wanda ya yi bayanin cutar a 1885. A tafin hannu ko na ƙafa kuwa jajayen tabo ne marasa zafi. Likita kuma yakan ji wani sabon huci a bugun zuciya, ya taɓa ciki ya ji saifa ta girma.

Ina haɗarin yake?

Ƙwayoyin kan cinye ƙofar har ta huje, zuciya ta gaza: haki, kumburin ƙafa, kasa kwanciya sai an tara matasan kai. Wannan ne ya fi kisa. Curin kuma yakan ɓantare ya bi jini. In ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, matashi ɗan shekara 20 sai ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Curin yakan kuma faɗa ƙoda ko saifa, in kuma daga ɓangaren dama na zuciya ya taso, huhu.

Me ya kamata a yi?

A je asibiti kafin a shiga kemis, don Allah. Likita na buƙatar ɗiban jini sau uku a gano ainihin ƙwayar, kuma kafso biyu na maganin kashe bakteriya da aka haɗiya a gida sun isa su ɓoye ta. Sannan a yi hoton zuciya na eko. Magani allura ce ta jijiya, mako 4 zuwa 6, ko da zazzaɓin ya sauka tun makon farko. Wasu sai an yi musu tiyata an gyara ƙofar ko an canza ta.