Ƙagewar kafaɗa ba targaɗe ba ce

A Kano, da kafaɗa ta ƙage sai a ce targaɗe ne, a nufi mai ɗori. Alhali jakar da ta lulluɓe gaɓar ce ke kumbura ta yi kauri, galibi ga 'yan shekara 40 zuwa 60, musamman masu ciwon suga. Ja da ƙarfi ƙara zafi yake.

Gwada: wani ya ɗaga maka hannun. In ya ƙi tashi, je asibiti, a auna suga.

Da atisaye da allura ake farawa. In zafin dare ya ƙi lafawa, ana iya zura siririn bututu ta jijiyar jini ta wuyan hannu, a toshe ƙananan jijiyoyin jinin da suka tsiro a kafaɗar, ba yanka. Sabuwar hanya ce, ana kan nazarinta.

Ku tura wa 'yan'uwa.